Gini Daban, Kaya Daban: Bambancin Inshorar Gini da Inshorar Kayan Cikin Gida

Gabatarwa

Kalmar "gida" a bakin Bahaushe jaka ce mai faɗi. Idan an ce wane ya gina gida, ana nufin bango da rufi. Idan an ce a gai da gida, ana nufin mutanen da ke ciki. Idan kuwa aka ce gidan wane ya ƙone, to an haɗa ginin da duk abin da ke cikinsa a magana guda, tun daga azara har zuwa tabarma. Kamfanonin inshora ba su yarda da wannan haɗi ba. A wurinsu, abin da wuta ke ci ranar gobara dukiya ce iri biyu, kowace da mai ita, da hanyar da ake ƙiyasta darajarta, da kuma irin abokan gabanta. Dalili ke nan da ya sa suke sayar da kariya iri biyu, wato inshorar gini da inshorar kayan cikin gida. Wanda ya sayi ɗaya alhali yana zaton ya sami duka biyun ba ya gane haka sai ranar da ya je neman diyya, ranar da kuwa babu sauran gyara.

Wannan rabo ya kafu sosai a Birtaniya, don haka daga can za mu ɗebo yawancin misalanmu. Amma mai karatu zai ga cewa zancen bai yi nisa da mu ba, domin Nijeriya ta gaji tsarin inshorarta ne daga Birtaniya, kuma matsalar ɗan haya da mai gida iri ɗaya ce ko a Landan ko a Zariya.

Lissafin da ke ƙarƙashin inshora

Kafin a shiga bambancin, ya kamata a fahimci abin da kamfanin inshora yake sayarwa. Duk wanda ya taɓa gwajin tsirowar iri a ɗakin bincike ya san cewa babu mai iya ɗaukar ƙwayar dawa guda ya ce lalle wannan za ta tsiro. Amma idan aka shuka ƙwaya dubu daga buhu ɗaya, ana iya faɗin adadin da zai tsiro ba tare da an kauce sosai ba, kuma gwargwadon yawan ƙwayoyin, gwargwadon kusantar ƙiyasin da gaskiya. Masanin lissafin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Jacob Bernoulli, shi ne ya tabbatar da wannan ƙa'ida a wani littafinsa da aka buga a 1713, bayan rasuwarsa. A kanta sana'ar inshora ta dogara.

Mu ƙaddara akwai gidaje 1,000 a wani gari, kuma a kowace shekara biyu daga cikinsu kan ƙone, sake gina kowanne kuma yana cin naira miliyan 20. Asarar shekara ta zama naira miliyan 40 ke nan. Idan aka raba ta a kan masu gidajen duka, kowa zai zuba naira 40,000, sai ɗan ƙari na ɗawainiyar kamfani da ribarsa. Babu wanda ya san gidan da zai ƙone, amma kowa ya san abin da zai zuba. Sai dai wannan lissafi yana da sharaɗi, wanda za mu sake komawa kansa nan gaba: dole ne ƙonewar gidan wane ta kasance ba ta da alaƙa da ƙonewar gidan wancan. Idan masifa guda za ta iya cinye gidajen duka a dare ɗaya, lissafin ya rushe.

Daga gobarar Landan

A ranar 2 ga Satumba, 1666, wuta ta tashi a wani gidan burodi da ke layin Pudding Lane a birnin Landan. Ta yi kwana huɗu tana ci, ta laƙume gidaje kimanin 13,200 da coci-coci 87, har da babbar majami'ar St Paul's. Babu inshorar gobara a lokacin. Abin da ya biyo baya shi ne jayayya tsakanin masu gidaje da 'yan haya, domin yarjejeniyar haya ta wancan zamani ta kan ɗora wa ɗan haya nauyin sake gina gidan, har ma ya ci gaba da biyan kuɗin hayar gidan da ya zama toka. Sai da majalisa ta kafa kotu ta musamman, wadda ta fara zama a 1667, don raba wannan gardama. Ashe tun ranar farko tambayar ita ce, asarar wa aka yi, kuma wa zai biya?

Wajen 1680 wani likita mai suna Nicholas Barbon, wanda ya bar aikin likita ya koma gina gidaje yana sayarwa, ya kafa kamfanin inshorar gobara. Gini kawai yake karewa, kuma yana karɓar ninki biyu a kan gidan katako idan aka kwatanta da na bulo, abin da ke nuna cewa tun a lokacin an gane kayan da aka yi gini da su su ne ma'aunin haɗarinsa. A 1696 aka kafa wata ƙungiyar taimakon juna mai suna Hand-in-Hand, ita ma gini kaɗai take karɓa. 'Yan kasuwa da magidanta masu kaya a cikin gidajen haya suka ga ba su da mafaka a wannan ƙungiya, sai a 1714 aka kafa kamfanin Union don kare kaya da haja zalla. Kamfanonin biyu suka yi zaman fahimtar juna, wannan ba ya taɓa kaya, wancan ba ya taɓa gini, har zuwa 1805. A yau kamfani ɗaya kan sayar da duka biyun, sau da yawa ma a takarda ɗaya da ragin farashi, amma a cikin takardar sashe biyu ne, kowanne da adadin kuɗinsa da sharuɗɗansa.

Ina iyakar take?

Ma'aikatan inshora a Birtaniya suna da wani kwatance da suke yi wa jama'a. Sukan ce mutum ya ɗauka an cire rufin gidansa, an kife gidan an girgiza shi. Duk abin da ya zubo, kaya ne. Duk abin da ya maƙale, gini ne. Ta wannan ma'auni, harsashi da bango da rufi da silin da daɓe da ƙofofi da tagogi duk gini ne. Haka nan bututun ruwa da wayoyin lantarkin da ke cikin bango, da bahon wanka da masai, da kabad ɗin kicin da aka kafe da ƙusa, da katanga da ƙyaure da garejin mota. Gado da katifa da kujeru da tufafi da littattafai da talabijin da firji da kwamfuta da tukwane kuwa kaya ne.

Kwatancen yana da amfani, amma yana da inda yake tuntuɓe. Kafet ɗin da aka shimfiɗa daga bango zuwa bango aka ɗaure shi ba zai zubo ba idan an kife gida, duk da haka yawancin kamfanonin Birtaniya a cikin kaya suke lissafa shi, bisa hujjar cewa ana iya naɗe shi a tafi da shi. Tayil da katakon daɓen da aka manne kuwa gini ne. Firjin da ke tsaye shi kaɗai kaya ne, amma murhun da aka gina cikin kabad ya kan shiga lissafin gini. A irin waɗannan wurare babu abin da ke raba gardama sai abin da takardar yarjejeniya ta faɗa, shi ya sa shafin da ke bayyana ma'anar kalmomi, wanda kusan kowa ke tsallakewa, ya fi kowane shafi muhimmanci.

Bari mu ɗauki misali guda don a ga yadda abin ke kasancewa. Ruwa idan ya daskare ya zama ƙanƙara, girmansa kan ƙaru da kimanin kashi 9 cikin 100, saboda haka a lokacin hunturun Turai bututun da ke saman silin kan fashe. Da ƙanƙarar ta narke sai ruwa ya kwararo, silin ya rufto, fenti ya ɓaci, wayoyin lantarki su jiƙe, sannan ruwan ya sauka a kan gado da kafet da talabijin. Musabbabi ɗaya ne, dare ɗaya ne, amma asara biyu ce. Silin da fenti da wayoyi suna kan inshorar gini; gado da kafet da talabijin suna kan inshorar kaya. Idan mazaunin gidan ɗan haya ne, mai gida zai karɓi diyyar silinsa, shi kuwa ɗan haya, in bai yi tasa inshorar ba, sai dai ya shanya katifa.

A nan ne babban kuskuren yake. 'Yan haya da dama, har da ɗalibanmu da ke zuwa karatu Birtaniya, sukan ji an ce gidan yana da inshora sai hankalinsu ya kwanta. Inshorar mai gida ba ta san da zamansu ba. Dalilin kuwa wata tsohuwar ƙa'ida ce, cewa mutum ba ya yi wa abu inshora sai in lalacewar abin za ta jawo masa asara shi da kansa. In ba don haka ba, da inshora ta zama caca, da kuma an sami mai yi wa gidan maƙwabcinsa inshora da rana ya cinna masa wuta da dare. Mai gida ba ya asarar komai idan kwamfutar ɗan haya ta ƙone, saboda haka ba shi da hurumin kare ta.

Wani bambancin kuma shi ne na tilas. Dokar Birtaniya ba ta tilasta wa magidanci ko ɗaya daga cikin biyun ba, amma bankin da ya ba da bashin sayen gida ya kan sa inshorar gini cikin sharuɗɗan bashin, tun da ginin shi ne jinginarsa. Babu bankin da ya damu da kujerun mutum. A Ingila da Wales nauyin ginin kan koma kan mai saye ne tun ranar da aka yi musayar takardun ciniki, ba sai ranar da ya karɓi makulli ba. Masu zama a manyan benaye masu ɗakuna da yawa kuwa, galibi mai ginin gaba ɗaya shi ke yin inshorar gini ya raba musu kuɗin, kowa kuma ya ji da kayansa.

Nawa za a rubuta?

Idan an tambayi magidanci darajar gidansa, abin da zai faɗa shi ne kuɗin da za a saye shi a kasuwa. Wannan adadi ba shi da amfani ga inshorar gini, domin rabinsa ko fiye na iya zama kuɗin fili ne da darajar unguwa, fili kuwa ba ya ƙonewa. Abin da ake bukata shi ne kuɗin sake gina gidan daga tushe, haɗe da na rushe abin da ya saura, da kwashe ɓaraguzai, da ladan mai zanen gini da injiniya. Gida biyu masu fasali ɗaya, ɗaya a tsakiyar birni ɗaya a bayan gari, farashinsu a kasuwa na iya bambanta ninki uku, amma siminti da rodi da kwanon da za su ci kusan ɗaya ne. Akasin haka ma na faruwa: tsohon gidan dutse a ƙauye na iya cin kuɗin gini fiye da abin da za a saye shi.

Kaya kuwa ba su da masanin da zai auna su da tef. Sai mai su ya bi ɗaki-ɗaki yana rubutawa, kuma kusan kowa ya kan yi ƙasa da ƙiyasi, saboda ido ya kan tsaya a kan talabijin da firji ya manta da zannuwan gado da takalma da kwanuka da littattafan yara, waɗanda in an tara su sukan fi manyan kayan kuɗi. Sannan akwai hanya biyu ta biyan diyyar kaya. Wata yarjejeniyar ta kan biya kuɗin sabo a madadin tsoho. Wata kuwa ta kan cire abin da kayan suka rage na daraja saboda tsufa, ta yadda mai firjin da ya shekara takwas zai karɓi kuɗin tsohon firji, ba na sabo ba. Ta farkon ta fi tsada, kuma ko a cikinta akan ware tufafi da zannuwa a biya su a matsayin tsofaffi. Haka nan akan sa iyaka a kan abin da za a biya don abu guda, saboda haka sarƙar zinare ko agogo mai tsada sai an ambace su da suna a cikin takardar.

Rage ƙiyasi yana da hukunci, kuma hukuncin lissafi ne tsagwaronsa. A ce sake gina gida zai ci naira miliyan 40, amma mai shi ya rubuta miliyan 20 don ya rage kuɗin zubi. Gobara ta ci kicin da ɗaki ɗaya, ɓarnar miliyan 10. Zai yi zaton za a biya shi duka, tun da 10 ba ta kai 20 ba. Amma inda yarjejeniya ta ƙunshi sharaɗin biya bisa kaso, kamfani zai ce rabin gidan ka kare, don haka rabin ɓarnar za mu biya, wato miliyan 5. Wannan tarko ya fi kama mutane a lokacin tsadar kaya. A Nijeriya, inda hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024, adadin da ya yi daidai shekara uku da suka wuce ya riga ya zama rabin gaskiya ko da mai shi bai yi niyyar ha'inci ba.

Ƙara ƙiyasi ma ba ya kawo riba. A wata shahararriyar shari'a ta 1883, tsakanin Castellain da Preston, wani gida a Liverpool ya yi gobara bayan an ƙulla cinikinsa amma kafin a kammala biya. Kamfanin inshora ya biya masu sayarwa fam 330, mai saye kuma ya biya cikakken farashin da aka yi ciniki. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a mayar wa kamfani kuɗinsa, domin masu sayarwar ba su yi asarar komai ba. Manufar diyya ita ce a mayar da mutum inda yake kafin ɓarna, ba a wuce nan ba.

Abokan gaba masu rai

Ga mai nazarin halittu, sashen da ya fi jan hankali a takardar inshora shi ne jerin abubuwan da ba a biya, domin akwai sunayen halittu da dama a cikinsa: funfuna, ƙwari, asu, ɓeraye, da ruɓewar katako. Katako abinci ne. An gina shi da sinadarin salulos, wanda asalinsa sukari ne da aka jera a sarƙa, kuma akwai halittu da dama da suka ƙware wajen kwance wannan sarƙar. A Birtaniya babbar ɓarna ta kan zo ne daga wata funfuna mai suna Serpula lacrymans, wadda ke kama katakon da danshinsa ya haura kimanin kashi 20 cikin 100, kuma tana iya miƙa zarurrukanta ta cikin bangon bulo don neman wani katakon. Akwai kuma wani ƙwaro, Anobium punctatum, wanda tsutsarsa ke shafe shekaru tana huda katako daga ciki, ba a ganin alamarta sai ta rikiɗa ta fito ta bar ɗan rami. Shi wannan ƙwaro bai san iyakar da kamfani ya shata ba, yadda yake cin katakon rufi haka yake cin ƙafar kujera, kuma ko ta wane ɓangare ba a biya.

Gara, wadda ita ce tamu annobar, ba 'yar ƙasar Birtaniya ba ce. An taɓa samun wani gungu nata a Saunton da ke yankin Devon a 1994, aka yi ta fama da shi har sai a 2021 aka bayyana cewa an gama da shi. A nan kuwa da ita muke kwana muke tashi. Wasu nau'o'inta suna da ƙananan halittu a cikin hanjinsu da ke narkar musu da salulos, masu gina manyan shuri kuma noman funfuna suke yi a cikin shurin, ita ke tausasa musu abincin. Magina na gargajiya sun san wannan yaƙi tun da daɗewa, shi ya sa suka zaɓi azarar giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba.

Me ya sa kamfanoni ke ƙin biyan irin wannan ɓarna? Saboda inshora tana kare mutum ne daga abin da ka iya faruwa, ba abin da lalle zai faru ba. Katakon da aka bari cikin danshi tabbas zai ruɓe, kwanon da ba a kula da shi ba tabbas zai yi tsatsa. Wannan aikin kulawa ne, kuma yana wuyan mai gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kamfani kuwa zai tambayi wanda ya ga tsagar ya ƙyale ta.

Amma akwai wata ɓarna mai tafiyar hawainiya da inshorar gini ke biya a Birtaniya, ita ce nutsewar harsashi, kuma ita ma galibi aikin mai rai ce. Yankin Landan da kudu maso gabashin Ingila yana zaune ne a kan yumɓu mai kumbura idan ya sha ruwa, mai tsukewa idan ya bushe. Bishiya kuma famfo ce: tana zuƙo ruwa ta saiwa tana fitar da shi ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye, kuma babbar bishiya na iya fitar da ɗaruruwan lita a rana guda ta zafi. Waɗanda Turawa ke kira oak da willow da poplar su suka fi ƙishirwa, haka ma bishiyar turare da muke shukawa a nan. Idan aka yi fari, saiwar ta kan tsotse yumɓun da ke ƙarƙashin kusurwa ɗaya ta gida, kusurwar ta sauka, bango ya tsage a karkace daga gefen taga ko ƙofa. Kamfanonin Birtaniya sun shigar da wannan cikin inshorar gini a farkon shekarun 1970, ba su daɗe ba sai ga farin 1976, masu neman diyya suka yi musu ca. An sake ganin haka a 2003 da 2018 da 2022. Shi ya sa a wannan fanni akan bar wa mai gida ya biya kason farko mai nauyi daga aljihunsa, galibi fam 1,000. Mutanen Borno da suka san ƙasar firgi, yadda take dararrabewa da rani ta kumbura da damina, ba za su yi mamakin wannan bayani ba.

A ganina, a nan ne ainihin bambancin inshorar biyu ya fito fili. Haɗarin kaya, irin su sata da fashewa da 'yar gobarar kicin, yana da yawan aukuwa amma asararsa ƙarama ce, kuma ɓarawon da ya shiga gidan wane bai shafi gidan wancan ba. Wannan shi ne irin haɗarin da lissafin Bernoulli ke so. Haɗarin gini kuwa ba ya yawan aukuwa, amma in ya zo ya kan zo da girma, kuma fari da ambaliya da guguwa ba sa zaɓen gida ɗaya, unguwa suke ɗauka. Sharaɗin da muka ambata a baya ya karye ke nan. Abin ya kai ga cewa a 2016 sai da gwamnatin Birtaniya da kamfanoni suka kafa wani asusu na musamman mai suna Flood Re, don magidantan da ke wuraren ambaliya su iya samun inshora a farashin da za su iya biya. An tsara asusun zai ƙare a 2039, kuma bai shafi gidajen da aka gina daga 2009 ba, don kada a ƙarfafa wa mutane yin gini a hanyar ruwa.

Mu a nan gida

Kamfanonin Nijeriya ma suna da wannan rabo, inshorar mai gida daban, ta mazaunin gida daban, ko da yake masu saye kaɗan ne. Duk kuɗin da ake zubawa a inshora a ƙasar bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da tattalin arzikinta ke samarwa ba. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta inshora a kan benen da ake ginawa in ya haura hawa biyu, da kuma gine-ginen da jama'a ke shiga, waɗanda suka haɗa da gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2025 ta maye gurbinta ba tare da ta janye wannan wajibci ba. Sai dai manufar wannan tanadi ita ce kare mutanen da gini ka iya cutarwa, bai zama madadin inshorar kayan ɗan haya ba. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, an ga asarar iri biyun ƙuru-ƙuru: masu gidajen da bangonsu ya zube, da kuma waɗanda gininsu ya tsaya amma katifu da hatsi da takardun makaranta suka tafi. Kayan da suka kwana biyu a jiƙe funfuna ta riga ta fara kama su, ko da ruwan ya janye.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mu. A gidan Bahaushe, gini na maigida ne, amma kayan ɗaki na matar gida ne. Gado da katifa da kujeru da kwanuka da iyayenta suka yi mata, da kayan lefenta, da gwala-gwalanta, duk mallakarta ne a al'adance da kuma a shari'ance. Gidan da ke da mata biyu ko uku yana da masu kaya biyu ko uku ke nan, ban da maigidan. Saboda haka magidancin da zai yi inshorar kaya ya kamata ya tabbatar takardar ta bayyana cewa ta haɗa da kayan iyalinsa da ke zaune tare da shi, a kuma rubuta na kowace daban, domin ranar rabon diyya ba ranar fara wannan lissafi ba ce.

Da yawa daga cikin masu karatu za su ce ai malamai sun yi magana a kan inshora. Haka ne. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, ta kuma halatta ta taimakon juna, wadda ake kira takaful, inda mahalarta ke zuba kuɗi a matsayin gudummawa cikin asusun da yake nasu. An kafa kamfani na farko mai wannan tsari a Sudan a 1979. A Nijeriya hukumar kula da inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yanzu akwai kamfanonin da ke yin sa zalla. Abin lura shi ne takaful ya sauya yadda ake tara kuɗin da yadda ake juya su ne kawai. Rabon gini da kaya, da ƙiyasin sake gini, da hukuncin rage ƙiyasi, da ware ɓarnar gara, duk suna nan yadda suke.

Ko wane tsari mutum ya zaɓa, mai ƙiyasta ɓarna zai nemi shaida. Gini ya kan bar shaidarsa, domin ko bayan gobara ana iya auna harsashi a san faɗin ɗaki. Kaya ba sa barin komai sai toka. Don haka jerin kayan, da rasiɗansu, da hotunan kowane ɗaki, a ajiye kwafinsu a wani wuri daban, ko a ofis, ko a gidan ɗan'uwa, ko a intanet, ba a cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadon da ake so a kare ba.